Antibiyogaram ya ce seftiriyakzon na aiki, miki kuma bai daina mugunya ba

Ɗan Ader (Tawa)

Assalamu alaikum malamai. Ga wani sakamakon labo na antibiyogaram, gwajin da ke nuna maganin da ke kashe ƙwayar cuta, da ya ɗaure mana kai, ina neman a warware mini shi.

Mata uku ne a ɗaki guda, dukansu an yi musu aikin haihuwa cikin sati biyu. Tsakanin kwana biyar zuwa takwas bayan aikin, ɗinkin kowace ya kumbura, ya buɗe, yana zubar da mugunya mai kauri. Biyu suna cin abincinsu suna shayarwa. Ta ukun ce zazzaɓinta ya kai digiri 39 ya ƙi sauka. Dukansu suna kan allurar seftiriyakzon tun ranar aiki.

An kai mugunyar labo, an ce ƙwayar cutar Staphylococcus aureus ce, istaf a taƙaice, takardun uku kuma kamar an yi musu fotokwafi: sefoksitin R (wato ta bijire masa), faɗin da'irar milimita 16, penisilin R, jantamisin R, sipurofuloksasin R, eritiromisin R. Amma seftiriyakzon S (wato yana kashe ta), Augmentin S, kilindamisin S, bankomisin S. Dukansu da faifai aka gwada su, wato ƴan takardu masu magani da ake ɗorawa a farantin da aka shuka ƙwayar, a auna da'irar da ta kasa tsira a kewayensu. Ba a sa Bactrim da tetirasikilin ba.

In har seftiriyakzon na kashe ta a faranti, me ya hana shi kashe ta a jiki? Ko kuwa a jikin matan ta koyi bijire wa maganin saboda an daɗe ana yi musu? Sannan me ya rage a ba su?

Mai Madubi (Yamai)

Wa alaikumus salam ƙanina. Takardar nan layi ɗaya ne a cikinta ke da hukunci, shi ne na sefoksitin. Ga S. aureus, da'irar da ba ta kai milimita 22 ba a kewayen faifan sefoksitin mai mikrogiram 30 tana nufin SARM, wato S. aureus mai bijire wa metisilin, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa MRSA. Da zarar an ga haka, S ɗin da ke gaban seftiriyakzon da Augmentin kuskure ne, bai kamata ma a rubuta shi ba. Ga dalili.

Istaf na zaune ne cikin katanga mai kauri, kuma tana da magina huɗu da ke ɗaure zaren katangar, ana kiransu PBP1 zuwa PBP4. Duk dangin penisilin, wato beta-laktamin, kama suke yi da bakin zaren da maginan ke kamawa. Magini ya cafki magani yana zaton zare ne, sai ya maƙale, gini ya tsaya, ƙwayar ta fashe.

Hanya biyu ta bi ta kuɓuta, kuma rikita su ne ke jawo irin wannan takarda. Ta farko almakashi ne: wani jen, wato guntun ADN mai ɗauke da umarnin ƙera abu guda, sunansa blaZ, yana sa ta fitar da penisilinaz da ke datse zoben maganin kafin ya isa. Tun 1944 aka bayyana wannan a jikin istaf, kuma yau mafi yawansu suna da shi. Almakashin nan ana iya toshe shi. Aikin asid kilabulanik da ke cikin Augmentin kenan, kuma oksasilin da kuloksasilin da sefazolin ba ya iya datse su da sauƙi.

Ta biyun ita ce tamu ta yau. Jen mecA yana ƙera magini na biyar, PBP2a, wanda hannunsa ke dunƙule, magani ba ya samun wurin kamawa. A ɗaure magina huɗun, shi ya ci gaba da ɗaurin zare. Asid kilabulanik ba shi da abin toshewa a nan, tunda ba almakashi ake faɗa da shi ba. Saboda haka jen ɗaya ya rufe ƙofar dangi gaba ɗaya: penisilin duka, sefalosporin duka, har imipenem da meropenem. Seftarolin da seftobipirol ne kawai aka ƙera don su kama PBP2a.

To me ya sa aka ga da'ira a kewayen seftiriyakzon? Domin ba dukan ƙwayoyin da ke faranti ke buɗe wannan jen da ƙarfi lokaci guda ba. A wasu irin, ɗaya cikin dubu goma ko ma ɗaya cikin miliyan ce ke nuna cikakkiyar bijirewa, sauran su mutu su bar da'ira mai kyaun gani. Ga shi mecA yana da makunni: furotin MecI na danne shi, MecR1 da ke jikin fatar ƙwayar na sansano magani ya ɗage dannewar, kuma makunnin blaZ ma na iya yin wannan aiki. Sefoksitin ya fi sauran tada wannan makunni, shi ya sa aka zaɓe shi ɗan leƙen asiri, ba don ana ba maras lafiya shi ba. A cikin miki kuwa, kwana bakwai ana zuba seftiriyakzon, ƴan tsirarun nan su ne suka gaje wurin.

Kan tambayarka ta biyu, a'a, ba a jikinsu ta koya ba. mecA ba ya tsirowa daga kuskuren kwafi. Baƙo ne da ke zuwa cikin wani kunshin ADN da ake kira SCCmec, mai tsawon harafi kamar dubu 20 zuwa fiye da dubu 60, wanda ke da nasa enzim, ccr, da ke yanka shi ya liƙa a wuri guda tak cikin kuromozom, a ƙarshen jen orfX. Asalinsa daga wasu ƴan uwan istaf ne da ke zaune jikin dabbobi, dangin sciuri. An fara amfani da metisilin a 1959, a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton SARM na farko a Ingila, amma binciken ADN na tsofaffin samfura da aka buga a 2017 ya nuna kunshin ya shiga istaf tun tsakiyar shekarun 1940, zamanin penisilin. Akwai ma ƙanensa mecC da aka bayyana a 2011, wanda daga baya aka gano ya daɗe a jikin bushiyar Turai, saboda wani naman gwari da ke fatarta yana fitar da irin nasa penisilin. Abin ya girme mu duka.

Kunshin iri-iri ne. Na II da na III manya ne, na asibiti, suna tafe da guzuri: ermA na eritiromisin a kan guntun ADN mai tsalle Tn554, na III kuma yakan haɗa da tetK na tetirasikilin. Na IV da na V ƙanana ne, sun fi yawo cikin gari. Jantamisin kuma yawanci enzim ne mai baki biyu, aac(6')-aph(2''), a kan Tn4001, shi ne ke ba da abin da muke ce wa KTG, wato kanamisin da tobiramisin da jantamisin duk sun faɗi tare. Wani bincike da aka buga a 2011 kan garuruwa biyar, Yamai da Dakar da Yawunde da Kasabalanka da Antananaribo, ya samu SARM 86 cikin samfura 555, kuma zuriya uku ne suka mamaye: ST239/241 mai kunshi na III, da ST88 da ST5 masu na IV. Takardarka da ta haɗa jantamisin da sipuro da eritiromisin ta fi kama da halin ta farkon.

Abin da ya kamata ya tada maka hankali shi ne fotokwafin da ka ambata. Mata uku, ɗaki ɗaya, sakamako ɗaya: ƙwaya ɗaya ce ke tafiya daga gado zuwa gado, kuma ba ta da ƙafa. Seftiriyakzon bai haife ta ba, fili ya share mata.

Tsohon Labo (Yamai)

Bayanin Malam ya wadatar. Sai dai kafin a ɗaga murya a ce SARM ta shiga ɗaki, a sake gwajin, domin labon da ya rubuta S ga Augmentin bayan sefoksitin R yana iya yin tuntuɓe a wani wurin ma.

A fara daga ɗaukar samfur. A wanke bakin mikin da ruwan gishiri na asibiti, a zuƙo mugunya daga ciki da sirinji. Goga auduga a saman miki istaf ɗin fata yake kwasowa, kuma waɗannan da yawansu suna ɗauke da mecA ba tare da su ne ke ciwon ba. Ya isa labo cikin awa biyu. Rawayar da ake gani a jelos ɗin Chapman, abincin da ake shuka ƙwayar a kai, ba ta isa shaida ba, akwai wasu istaf da ke narka manitol. Sai an yi Gram, an yi katalaz, an yi kowagulaz a kwalba, a duba bayan awa 4, a sake dubawa a awa 24. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce: milimita 22 na S. aureus ne, S. epidermidis ma'auninta ya fi haka faɗi.

Sai farantin. Mueller-Hinton, kaurin milimita 4, wato mililita 25 a faranti mai faɗin milimita 90. Ruwan ƙwayar ya kasance 0,5 a ma'aunin yawan ƙwaya na McFarland daga tsiron da ya kwana ɗaya. A shafa cikin minti 15 da haɗawa, a ɗora faifai cikin minti 15 da shafawa, a sa a etuf, akwatin ɗumama faranti, cikin minti 15 da ɗorawa. Faifai shida ne iyaka a faranti. Digiri 35, awa 18, da rangwamen awa biyu gaba ko baya.

Kowane kuskure yana da inda yake karkata sakamako. Jelos ya yi kauri, ko ƙwayar ta yi yawa, ko faifai ya sha zafi da laima ƙarfinsa ya ragu: da'ira ta tsuke, a ce R alhali ba haka ba ne. Jelos ya yi siriri ko ƙwayar ta yi kaɗan: da'ira ta buɗe, a ce S. Akwai kuma wanda ya shafe mu fiye da masu rubuta littattafan: zafin da ya haura digiri 35 yana rage bayyanar mecA. Etuf ɗin da aka saba gani ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyaya komai. A watan Afrilu da Mayu, Tawa ko Yamai, in ɗakin labo ya kai digiri 40 da rana, cikin etuf ba zai kasance 35 ba ko da allon gabansa ya rantse. Sai a ajiye shi a ɗaki mai kilim, a sa ma'aunin zafi na daban a ciki, a rubuta safe da yamma. In wuta ta ɗauke da dare na awanni, farantin ranar a sake shi.

Faifan beta-laktamin su ne suka fi saurin lalacewa. Ajiyar dogon lokaci a firiza, wanda aka buɗe a firij tare da abin tsotse laima, kada ya wuce sati. A bar kwalbar ta huce a rufe kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka a kansu. Kuma a riƙa gwada ƙwayar ma'auni ATCC 29213, ko ATCC 25923 ga masu bin ma'aunin Amurka. In da'irar wannan ta fita daga iyakarta, sakamakon ranar duk abin zargi ne.

Milimita 16 dai ya yi nisa da 22, da wuya kuskure kaɗai ya kawo shi. Amma layi biyu na ƙarshen takardar ban yarda da su ba.

Kilindamisin S tare da eritiromisin R ba a sakinsa sai an yi gwajin D. A ɗora faifan eritiromisin mai mikrogiram 15 kusa da na kilindamisin mai mikrogiram 2, tazarar milimita 12 zuwa 20 baki da baki. In da'irar kilindamisin ta baje ta gefen da ke fuskantar eritiromisin, ta zama kamar harafin D, to akwai jen erm da ke barci. Aikinsa shi ne liƙa metil a wurin da magungunan biyu ke kamawa a ribozom, injin ƙera furotin na ƙwayar. Eritiromisin ke tada shi a faranti, a jiki kuma kuskuren kwafi kaɗan ya isa ya bar shi a kunne dindindin ana tsakiyar magani. In da'irar ta tsaya zagaye, msrA ne, famfo da ke fitar da eritiromisin kaɗai, kilindamisin na nan da ƙarfinsa.

Bankomisin kuwa ba a gwada shi da faifai ga istaf, an daina. Maganin babba ne, ba ya yaɗuwa sosai a jelos, faifai ba ya bambance mai jin magani da mai rabin ji. CMI ake nema, wato mafi ƙarancin maganin da ke hana ƙwayar tsira, da tsinken E-test ko ta hanyar ruwa, kuma 2 mg/L ko ƙasa shi ne S.

A ƙara Bactrim, tetirasikilin, asid fusidik da linezolid a sabon farantin. A kuma adana ƙwayoyin ukun cikin ruwan tsiro mai giliserol kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a firiza, ko za a aika Yamai a tabbatar da mecA ta PCR, gwajin da ke neman jen ɗin kansa. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tibi da ita tana da harsashin SARM, in an samu. A sani dai PCR ɗin da ke neman mecA kaɗai ba ya ganin mecC, faifan sefoksitin kuwa yana kama su biyun.

Ɗan Ader (Tawa)

Allah ya saka da alheri malamai. An sake. Kowagulaz ya kama a duka ukun, sefoksitin 15, 16, 16. Gwajin D ya baje sarai, ko makaho ya shafa ya ji. Tetirasikilin R, Bactrim R, linezolid S. Tsinken bankomisin babu shi a nan. Wani ya kawo shawarar a ba su rifampisin tunda ana samunsa, a kuma shafa wa dukan ma'aikatan ɗakin mupirosin a hanci. Yaya kuka gani?

Hajiyar Farmasi (Yamai)

Ɗana, rifampisin shi kaɗai kada a soma. Malam Mai Madubi ya ce mecA ba ya tsirowa a jikin maras lafiya, gaskiya ne, amma rifampisin labarinsa daban. Harafi ɗaya ya canza a jen rpoB, shi kenan magani ya tashi aiki, kuma irin wannan canji yana faruwa da kansa a kusan ƙwaya ɗaya cikin miliyan 10 zuwa miliyan 100. Ƙurji mai mugunya yana iya ɗaukar fiye da wannan adadi. Ma'ana mai bijirewar tana ciki tun kafin a haɗiyi ƙwayar farko, kwana kaɗan ta cika wurin. Haka asid fusidik yake ta fusA, haka sipuro ta grlA da gyrA. Ga shi rifampisin shi ne ƙashin bayan maganin tibi a ƙasar nan, ba abin wasa da shi ba ne. Ga mai jego kuma yana karya ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu. Wurinsa shi ne ciwon da ya kama ƙarfen da aka dasa a ƙashi ko gaɓa, shi ma tare da wani maganin.

Bactrim R bai ba ni mamaki ba. Jen dfrG da ke kare ƙwayar daga tirimetopirim ya yaɗu ƙwarai a istaf ɗin Afirka kudu da Sahara, kuma kowa ya san yadda ake sayen Bactrim da kafso a tebur kamar gyaɗa. Ko da ya fito S, mai shayar da bakwaini ko jariri mai shawara ba a gaggauta ba ta shi.

Yanzu a raba matan. Biyun da ke cin abinci, in jan da ke kewaye da mikin bai wuce santimita 5 ba, zafin jiki bai haura 38,5 ba, bugun zuciya bai wuce 110 ba, maganinsu wuƙa ce da gaz. A warware ɗinkin inda ya taru, a fitar da mugunya, a wanke da ruwan gishiri, a duba ko ɗinkin ciki na riƙe, a bar shi a buɗe yana warkewa daga ƙasa. A tsayar da seftiriyakzon yau. Sauya antibiyotik ana barin mugunya a kulle, an bar jaki ne ana dukan taiki. Magani ba ya shiga ƙurji da kyau, komai tsadarsa.

Ta ukun ita ce abin ji. Kafin a sa mata komai a ɗebi jini don shuka, kwalba biyu-biyu daga wuri biyu, mililita 8 zuwa 10 kowace kwalba. A yi eko a duba ko mugunya ta taru a ciki. A cire katetar ɗin hannu in ya kwana biyu ko wurin ya yi ja, a sa sabo a wani wuri. A auna kireyatinin don duba lafiyar ƙoda. Sannan bankomisin ta jijiya, miligiram 15 zuwa 20 kowane kilo, duk awa 12 ga mai lafiyar ƙoda, wasu har duk awa 8. Mace mai kilo 60, giram 1 kenan safe da dare. In jikin ya yi tsanani ana fara wa da babban zubi, miligiram 20 zuwa 35 kowane kilo, kada ya wuce giram 3.

Inda ake yawan ɓata shi wajen zubawa ne. Kada ruwan ya fi miligiram 5 a kowace mililita, saboda haka giram 1 a mililita 250. Kada gudun ya wuce miligiram 10 a minti, giram 1 zai ci minti 100 kenan. In aka sake shi ya zuba cikin rabin awa, fuska da wuya su yi ja, ƙaiƙayi ya taso, jini ya faɗi, sai a rubuta a kati wai ba ta jituwa da maganin, a rufe mata ƙofar da ta rage. Histamin ne kawai ya fita saboda sauri. A dakata, a ba da maganin ƙaiƙayi, a ci gaba a hankali. A sake kireyatinin duk kwana biyu ko uku, a lura da fitsari, kuma a ɗauke mata jantamisin da dikulofenak, domin haɗa su da bankomisin ƙoda ke biya. Shan bankomisin ta baki ba ya shiga jini, ba shi da amfani a nan.

In ƙwayar ta fito a jini, mafi ƙarancin magani kwana 14 ne ta jijiya, ana ƙirgawa daga ranar da shukar jini ta fara fitowa babu komai, don haka sai an sake shuka bayan kwana biyu zuwa huɗu. In ta zauna a bawul ɗin zuciya ko ƙashi, sati huɗu zuwa shida. Linezolid miligiram 600 sau biyu a rana yana da daɗin cewa ana shansa ta baki ya shiga jini kamar allura, amma bayan sati biyu yana rage pilaket, ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini, sai ana duba jini kowane sati.

A aika ƙwayar Yamai don CMI, magani ba zai jira sakamakon ba. Bijire wa bankomisin iri biyu ne. Na farko an bayyana shi a Japan a 1997: ƙwayar na ƙara wa katangarta kauri ta hanyar canje-canje a jen irin su walKR da vraSR da graSR, magani ya maƙale a waje. Wannan a jikin maras lafiya yake tasowa in an daɗe ana ba da maganin da bai kai ƙarfi ba, musamman in an bar ƙurji ko katetar. Na biyu an gan shi a Mishigan ta Amurka a 2002: vanA ne da ta aro daga enterokok, yana canza bakin zaren daga D-Ala-D-Ala zuwa D-Ala-D-Lac, kamun magani ya ragu kusan sau dubu. Na biyun ba kasafai ake ganinsa ba. Na farkon kuwa rabin allura don a tsimi kwalba shi ke kiransa.

Abu ɗaya kuma don gaba: in sefoksitin ya fito S, kada a taɓa bankomisin. Sefazolin giram 2 duk awa 8, ko kuwa kuloksasilin, sun fi shi kashe istaf mai jin magani, sun kuma fi seftiriyakzon dacewa.

Majon Tiyata (Tawa)

Hajiya ta gama da magani, saura mace ta huɗu da ba ta kamu ba tukuna.

Ɗan'uwa, shafa wa kowa mupirosin ban goyi baya ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da S. aureus a hanci lafiya lau, yawanci mai jin magani. In aka raba man kamar turare, ana kiran mupA ne, jen da ke yawo a kan pilasmid, zoben ADN da ƙwayoyi ke miƙa wa juna, ya kashe amfanin mupirosin ɗungurungum. A fara da goga auduga a hancin waɗanda suka shiga ɗakin aiki da masu wankin miki, a duba hannu ko akwai mai ƙurji ko ƙyasbi mai ruwa ko ɗan karkare. Wanda aka samu da SARM mai irin wannan antibiyogaram shi za a yi wa: mupirosin kashi 2 cikin ɗari a hanci sau biyu a rana kwana 5, da wanka da kuloreksidin kashi 4 cikin ɗari kwana 5. A yi shi cikin sirri, ba a tozarta kowa, in ba haka ba gobe ba mai yarda a duba shi.

Amma sau da yawa hanci ba shi ne mai laifi ba. A tsaya a kalli keken wankin miki da safe. Hantsaki ɗaya da ake tsomawa cikin gwangwanin gaz daga gado zuwa gado, kwalbar ruwan gishiri da aka huda tun shekaranjiya, safar hannu ɗaya da ta zagaye ɗaki, almakashin filasta a aljihun riga. Istaf na jure bushewa, tana iya yin makonni a kan katifar roba, ƙarfen gado da abin awon jini. Kowace mace da nata kayan wanki da suka fito daga otokilaf. Masu tsabtataccen miki a fara da su, ukun nan a ƙarshe, a tara su kusurwa guda ko ɗaki guda da nasu ma'aunin zafi.

Safar hannu ba ta maye gurbin wanke hannu. Alkol a shafa daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin taɓa mace da bayan taɓa ta, sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60 in hannu ya ɓaci. In na kanti ya yi tsada, haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya farmasin asibiti na iya yin sa. Na lita 10: etanol mai ƙarfin 96, mililita 8333; ruwan oksijene mai kashi 3, mililita 417; giliserol mai kashi 98, mililita 145; a cike da ruwan da aka tafasa ya huce. A zuba a ƙananan kwalabe, a bar su awa 72 kafin amfani. Kwalbar kuma a ɗaure ta a jikin gado ko keke, domin wadda ke kulle a ofishin majo ba ta wanke hannun kowa.

Shafe gado da katifa: a fara da sabulu, sannan ruwan Javel mai kashi 0,1 cikin ɗari. In na kwalbar mai kashi 2,6 ne, awo ɗaya a awo 25 na ruwa. A haɗa sabo kullum, zafinmu na cinye ƙarfinsa. Ƴan jinya ma a nuna musu, su ne ke gyara zane su ɗauki jariri, a kuma riƙa duba cibiyar jariran ukun da fatarsu da nonon uwayen.

Sai batun da ya fi wuyar faɗa wa manya. Seftiriyakzon na kwana bakwai bayan kowane aikin haihuwa ba rigakafi ba ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne zubi ɗaya na sefalosporin ajin farko, kamar sefazolin, ko na penisilin, minti 30 zuwa 60 kafin a tsaga fata. A ɗauko rajistan ɗakin aiki na wata uku da suka wuce, a fitar da duk wadda mikinta ya yi mugunya, ranar aikinta, ɗakin da aka yi, waɗanda suka shiga, gadon da ta kwanta da wanda ya wanke ta. A jera su a takarda ɗaya, a kai wa shugaban sashe tare da antibiyogaram ukun.